Takardar Remigia

Shekara goma sha ɗaya ina da wata takarda
a ƙulle cikin haɓar mayafina.
Da fensir na rubuta lokutan motar unguwarmu:
biyar da kwata, shida saura goma, in ta ga dama.
Sau uku gumi yana cinye rubutun, sau uku ina sakewa.

Mu ne na can sama, inda kwalta ta gaji ta tsaya,
inda birni ke hawan tsaunin Andes da jan bulo,
gida kan gida, tun famfo bai iso ba,
tun ba a raɗa wa titi suna ba.
Kowace shekara sai an ƙaru da layi biyu,
mota kuwa ɗaya tal, ta tsoho Anacleto,
mai tari irin nasa, mai hutawa ran da ya huta.

Zannuwan asibiti nake wankewa a ƙetaren kogi.
In ta biyar da kwata ta wuce ni,
gwiwoyina ne za su biya, albashina ya cika sauran.

Sai ga wata yarinya, Nelida, daga ofishin birni,
ta manna taswira a allon makarantarmu.
Wai za a yanke doguwar hanyar nan biyu,
mu sauka a kasuwar furanni mu canja wata.
Na miƙe na ce, ana kukan targaɗe ga karaya!
Ɗaya ta gagare mu, za ki ɗora mana biyu?
Ta ce, Inna, duk minti bakwai wata na tafe,
kati ɗaya, kuɗi ɗaya, ko sau nawa kika sauka.
Muka yi mata dariya har alli ya faɗi daga hannunta.
Ai wanda maciji ya sara, tsumma ma gudunsa yake.

Makon farko bai wanke ta ba.
Na'ura ta ƙi katina gaban mutane,
rumfar jira babu rufi, ƙanƙara ta yi mana jifa.

Wata Laraba igiyar takalmi ta tsinke mini a ƙofa.
Ina isowa na ga jar fitilarta tana shan kwana.
Na yi zagin da ba zan maimaita ba,
na kai hannu ga ƙullin mayafi,
ban gama kwance shi ba sai ga wata,
ta buɗe ƙofa kamar ba wani abu ba.
A kasuwar furanni koriyar tana tsaye.
Taku goma sha huɗu tsakaninsu, na ƙirga.

Na isa da rarar minti arba'in,
na rasa inda zan ajiye su.
Na sayi kunun masara mai zafi,
na zauna bakin gada ina hurawa,
ina kallon masu sauri, yau ban da ni.

Rufin ƙanwata Teodora yana tsaunin da ke kallonmu.
Daga taga nake ganin shanyarta,
amma da, zuwa wurinta wuni ne sukutum.
Yanzu ranar Lahadi nakan kai mata miya ba ta huce ba.

Anacleto ya sa shuɗiyar rigar aiki,
yana mitar an hana shi tsayawa gaisuwa.
Tarin dai yana nan. Motar ce ta warke.

Kada a ce na ce an gama.
Bayan goma na dare sai a hankali,
kuma sama da mu wasu sun fara aza bulo,
da asuba ina jin sawunsu a bayan ɗakina.

Tsohuwar takardar ta bi ruwan wanki, ban lura ba.
Na yanki sabuwa, na fere fensir.
Mintin da suke yi a ƙafa nake rubutawa yanzu.
Ranar Alhamis Nelida za ta dawo da taswirarta,
ni ce a bencin gaba.